Darasi na Goma Sha Biyu: Alan Hodgkin da Saƙon Jijiya

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Idan ka taka ƙaya, ba ka tsayawa shawara kafin ka ɗaga ƙafa. Cikin ƙiftawar ido saƙo ya tashi daga tafin ƙafarka ya shiga jiki, umarni kuma ya dawo. Hanyar da saƙon yake bi ita ce jijiya. Ka lura, a Hausa "jijiya" tana iya nufin hanyar jini, tana kuma iya nufin siririn zaren da yake ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ma'ana ta biyu muke nufi a nan.

Tun da daɗewa masana sun san cewa akwai lantarki a cikin wannan saƙo, amma yadda jijiya take samar da shi ya gagare su. Wanda ya warware matsalar shi ne Alan Hodgkin, tare da ɗalibinsa Andrew Huxley. An haifi Hodgkin a Ingila a 1914, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya kuma rasu a 1998.

Babban cikas shi ne girma. Zaren jijiyar ɗan Adam ya fi gashin kai siranta, ba a iya zura masa komai. To, akwai wata halittar teku mai hannuwa goma da ake kira sikwid, wadda take da zaren jijiya mai kaurin da ya kai rabin milimita, wani lokaci har ya fi. A 1939 Hodgkin da Huxley suka tafi ɗakin binciken halittun teku da ke Plymouth, a bakin tekun kudancin Ingila. Suka zura wani siririn bututun gilashi cikin zaren, suka auna lantarkin daga ciki. Suna cikin wannan aiki sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Hodgkin ya koma aikin ƙera na'urar gano jiragen sama daga nesa, binciken jijiya ya tsaya shekaru da dama.

Bayan yaƙi suka koma bakin aiki, kuma a 1952 suka buga sakamakonsu cikin maƙala biyar. Ga abin da suka gano. Jijiya tana da fata mai laushi da ta raba ruwan ciki da na waje. A waje sinadarin sodiyam, wanda yake cikin gishirin miya, shi ya fi yawa. A ciki kuwa fotasiyam ne ya fi yawa. Idan aka zaburar da jijiya, sai fatar ta ba sodiyam hanya ya kwararo ciki. Nan take sai hanyar ta rufe, wata ta buɗe, fotasiyam ya fita, jijiya ta koma yadda take. Duk wannan yana faruwa ne cikin ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Buɗewar wuri ɗaya ita take jawo buɗewar na gaba, haka saƙo yake tafiya har ƙarshen zare.

Ba su tsaya ga bayani da baki ba, sai da suka mayar da shi lissafi. Kwamfutar Kambirij ba ta samu ba a lokacin, don haka Huxley ya shafe makonni yana juya wata na'urar lissafi da hannu. Saurin saƙon da lissafi ya bayar ya yi kusan daidai da wanda suka auna. A 1963 aka ba su Lambar Nobel tare da John Eccles.

A ganina, ba lambar ce ta fi nuna darajar aikin ba, abin da ya biyo baya ne. Hodgkin da Huxley ba su ga ƙofofin da sodiyam yake bi da idonsu ba, lissafi ne kawai ya nuna cewa dole akwai wani abu mai buɗewa da rufewa. Sai a 1976 Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka auna lantarkin da yake ratsa ƙofa guda ɗaya tak. A 1998 Roderick MacKinnon a Amurka ya bayyana siffar ƙofar fotasiyam. Dukansu sun sami Lambar Nobel. Tun farkon shekarun 1960 kuma Denis Noble ya ɗauki lissafin nan ya yi bayanin bugun zuciya da shi.

Amfanin ya iso har asibiti. Allurar kashe zafi da likitan haƙori yake yi maka toshe ƙofofin sodiyam take yi, sai saƙon zafi ya rasa hanyar zuwa ƙwaƙwalwa. An riga an san allurar kafin 1952, amma wannan bincike ne ya buɗe hanyar fahimtar yadda take aiki. Wasu magungunan farfaɗiya ma a kan waɗannan ƙofofi suke aiki.

Tambayoyi

1. Waɗanne ma'anoni biyu kalmar "jijiya" take da su?
2. Don me Hodgkin da Huxley suka zaɓi sikwid?
3. Bayyana da kalmominka abin da sodiyam da fotasiyam suke yi idan saƙo zai wuce.
4. Shekara nawa ke tsakanin maƙalun Hodgkin da gwajin Neher da Sakmann?
5. A sakin layi na huɗu an ce "suka tafi", "suka zura", "suka auna". Rubuta jimla uku da "suka" game da wani gwaji da ɗaliban ajinku suka yi.