Yanka da Lanƙwasa Ƙarfe wajen Ƙera Bodin Mota

Motar da ke ɗauko hatsi daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu zuwa Gusau, rabin tafiyarta kan burji da kwazazzabai take yi, musamman da damina. Saboda haka ƙarkon bodinta ya dogara ne ga kayan da mai walda ya zaɓa.

Ga falle maras kauri, zarto ko injin yanka mai faifai ya wadatar. Idan kauri ya ƙaru sai a koma ga wutar gas, wadda zafinta ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas. Abin lura shi ne, ba narkarwa ce ke yanka ba: wutar tana gasa ƙarfen ya yi ja, sannan iskar oksijin ta ƙone shi. Wannan ne dalilin da ya sa ba ta yi wa alminiyam yanka mai kyau.

Lanƙwasa ta fi wuya. Bututu in an tanƙwara shi, bayansa yana miƙewa ya yi siriri, cikinsa kuma ya tattare. Masu sana'a sukan ɗura masa yashi su toshe bakinsa kafin su gasa. Dole yashin ya bushe sarai, domin danshi kan zama tururi ya fashe. Injin lanƙwasa mai jak ya fi, muddin kaskonsa ya dace da faɗin bututun.

Shasin mota kuwa, a nisanta shi da wuta. Na manyan motoci da yawa an ƙarfafa shi ne da zafi tun daga masana'anta. Gashi na biyu yana raunana shi, ya tsage a ƙarƙashin lodi. Kusoshi masu noti ake ɗaure bodi da su.