Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa tsohuwar Hilux ta daina sanyi?

Wani mai sauraronmu daga Kaugama, da ke jigilar shinkafa zuwa Haɗejiya, ya ce na'urar sanyaya tsohuwar akori-kurarsa sai iska mai zafi take hurowa.

To Malam, kada ka yi gaggawar zuba gas. Tada injin, kunna na'urar, ka buɗe bonet ka saurara. In kwamfireso bai yi ƙas ya kama ba, duba fiyus da bel tukuna, gyaransu ba tsada.

In ya kama amma ba sanyi, leƙa kondensa, wadda ke gaban lagireto. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin shinkafa da taɓon fadama kan toshe ta, zafi ya rasa mafita. Wanke ta da ruwa a hankali, ka tabbata fanka na juyawa. Ni a nan na fi zargi ga motar da ke bin hanyoyin karkara.

Gas kuwa ba ya ƙarewa haka kawai, sai in akwai yoyo. Maiƙo a mahaɗar bututu shi ne alamarsa. A toshe kafin a ƙara, in ba haka ba asarar kuɗi ce.

A kula: motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 galibi gas ɗin R12 suke sha, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina, na bayansu kuwa galibi R134a. Kada bakanike ya gauraya su, don man kowanne daban ne, kwamfireso zai lalace. In sai an canza kwamfireson, a nema a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.