Daga "Aboki" Zuwa Kanun Labari: Nazari Kan Zaɓen Kalma a Aji da Jarida

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Legas ya san kalmar nan "aboki". Tun daga Agege da Idi-Araba har zuwa bakin masana'antun Ilupeju, da ita ake kiran maigadi da mai shayi da ɗan acaɓa da mai canji. A ƙamus da wuya a sami kalmar da ta fi ta daɗi, domin aboki shi ne wanda kuka shaƙu, kuke cin abinci a kwano ɗaya. Amma a bakin wasu mutanen gari ma'anarta ta koma bagidaje, wanda bai san komai ba. Ko harafi ɗaya ba a sauya mata ba, sai dai nufin mai furta ta. Wannan maƙala za ta duba yadda ake gyara kalmomi a makarantu don kada a ɓata wa kowa rai, sannan ta auna ko gyaran ya isa ya kawar da son rai, musamman a labaran jaridu.

Tausasa Lafazi a Makaranta

A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 an yi ta muhawara a jami'o'in Amurka a kan kalmomin da ya dace malami da littafi su yi amfani da su game da baƙar fata da mata da naƙasassu. Wasu suka ce ladabi ne, wasu suka ce ɗaure wa mutane baki ne. Mu nan za mu kira abin tausasa lafazi. Ba baƙo ne ba ga Bahaushe, wanda tun fil azal yake cewa "ya riga mu gidan gaskiya", yake cewa "zan zaga", kuma matar kirki ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Bambancin kawai shi ne, namu alkunya ce ta haife shi, nasu kuwa neman haƙƙi.

Mu ɗauki misalin naƙasa. Da cewa ake yi makaho, kurma, gurgu, kuturu, a haɗa su a ce musakai. Daga baya aka koma naƙasassu, yanzu kuma rediyo da malaman makaranta sun fi son "masu buƙata ta musamman". To amma fa Sarkin Makafi sarauta ce da aka sani a Kano da sauran biranenmu, kuma mai riƙe da ita ba ya jin kunyar sunanta. Ashe ba a cikin kalmar raini yake ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Ɗalibi ya dubi matakalar ajinsu ya ba kansa amsa. Idan yaro ya sami sabon suna amma har yau sai an ciccibe shi a kai shi bene, me aka tsinana masa?

Wannan ba yana nufin sauya suna aikin banza ne ba. Akwai inda ya zama wajibi, kuma a nan mu Hausawa ne da laifin. Mutanen da muke kira Gwari sunansu Gbagyi. Kaje sunansu Bajju, Katafawa Atyap, Angas kuma Ngas. Sunayen da muka laƙaba musu su ne Turawa suka ɗauka suka zuba a littattafan makaranta, aka yi shekaru ana karantar da yara da su. Daga "Gwari" har muka ƙago "gwaranci", wato maganar da ba ta fita daidai. Kalmar "Inyamuri" kuwa daga maganar Ibo ta neman ruwan sha aka tsinto ta, aka mai da ita sunan al'umma guda. Wanda yake jin zafi idan an ce masa "aboki" a Oshodi, ya kamata ya tuna da wannan kafin ya buɗe baki a Sabon Gari.

Wani lokaci kuma kalma mai kama da 'yar ba-ruwanmu ita ce take ɗauke da hukunci. Da yawanmu mun biya tara ko mun sha bulala a firamare saboda yin "banakula", alhali Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku, Hausa da Yarabanci da Ibo, ban da harshen gidansu. Haka ma shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Babbar kotun jiha ta goyi bayan hanin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancinsu a watan Yuni na 2022. Ɓangare ɗaya ya kira batun "kare kayan makaranta na bai-ɗaya", ɗaya kuma ya kira shi "tauye 'yancin addini". Abu guda ne, amma duk sunan da ɗan jarida ya ɗauka ya riga ya zaɓi layin da zai tsaya.

Ina Jaridun Suke Zaune?

Kafin a zargi ɗan jarida, a fara sanin inda teburinsa yake. Jarida ta farko a ƙasar nan, Iwe Irohin, a Abeokuta ta fito a 1859. Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta fito a Zariya ba sai 1939, tazarar shekara 80 ke nan. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Legas a 1937, Obafemi Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a Ibadan a 1949, gwamnatin Arewa kuma ta fito da New Nigerian a Kaduna a 1966. Kowace da gidan da take karewa tun ran gini. Manyan jaridun Ingilishi irin su Punch da Guardian da Vanguard duk a Legas suka tashi. Wakilinsu yana jin Yarabanci ko Ingilishi, ɗan kasuwar Mile 12 kuwa sau da yawa Hausa kaɗai yake ji sosai. Idan rikici ya tashi, wa zai fi sauƙin tambaya? Ba sai da mugun nufi ake samun labari mai ƙafa ɗaya ba.

An ga irin wannan yanayi a rikicin Shagamu na Yulin 1999, wanda aka yi ramuwarsa a Kano, da na Ketu da Mile 12 a Nuwamban wannan shekara tsakanin 'yan ƙungiyar OPC da 'yan kasuwa Hausawa, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, da wanda ya sake tashi a Mile 12 a Maris na 2016 har gwamnati ta rufe kasuwar. A irin waɗannan lokuta kanun labari kan riga gawa isa gida, kuma abin da aka karanta a Fagge da safe yana iya zama sanadin ran wani a Sabon Gari da yamma.

Son Rai a Cikin Nahawu

Nan ne aikin ɗalibin harshe yake. Ga jimloli uku da na ƙirƙira don darasi, duk a kan aukuwa ɗaya:

(a) An kashe mutum goma a kasuwa.
(b) Matasa sun kashe 'yan kasuwa goma.
(c) Hausawa da Yarabawa sun gwabza, goma sun mutu.

Babu ƙarya a ko ɗaya, kuma babu kalmar zagi. Amma a (a) lamirin "an" ya haɗiye aikau, ba a san wanda ya yi kisan ba. A (b) aikau da karɓau duk sun fito, sai dai an sakaya ƙabilarsu. A (c) an kawo ƙabila, sannan aikatau "gwabza" ya raba laifin biyu daidai wa daida, "mutu" kuma ya nuna kamar zazzaɓi ne ya ɗauke su. Wanda ya karanta (c) ba zai taɓa sanin ko wani ɓangare ne ya far wa wani yana barci ba.

Babbar alamar son rai ita ce rashin tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya. Idan namu ne suka yi ɓarna sai a ce "ɓatagari" ko "wasu fusatattun matasa", idan na wasu ne sai a ambaci ƙabilarsu ƙarara. Dubi yadda "makiyaya Fulani" ta zama kamar kalma ɗaya a labaran shekarun baya-bayan nan, ana liƙa ta tun kafin 'yan sanda su kama kowa. Dubi kuma "Hausa-Fulani", wadda a Legas take haɗiye Babarbare da Banufe da Bazabarme da Buzu daga Agadas, har da Kiristan Arewa, muddin ya sa doguwar riga. Sannan a lura da aikatau na rahoto. "Ya ce" daban, "ya yi iƙirari" daban, "ya tabbatar" daban. Na farko ya bar mai karatu ya yi hukunci, na biyu ya ɗaga masa gira, na uku ya sa hannu a madadinsa. Har wurin da aka ajiye magana yana da nauyi: bakin da aka fara ji a sakin layi na ɗaya ya fi wanda aka jefa a na goma sha biyu, inda mai karatu ya riga ya ninke jarida.

Kada mu ɗauka cutar ta Kudu ce kaɗai. Fitowar Weekly Trust a Kaduna a 1998 da Daily Trust a 2001 ta ba Arewa murya, amma murya ba ita ce adalci ba. A kafafen Hausa ma za ka ji "an hallaka 'yan Arewa" idan a Ibadan ne, kamar rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, amma idan baƙi aka taɓa a garuruwanmu sai labarin ya koma "an sami ɗan hargitsi".

Aikin Gida

Kowane ɗalibi ya nemo labari ɗaya da jaridar Legas da jaridar Arewa suka buga a rana ɗaya. Ya ja layi a ƙarƙashin aikau na kowace jimla a sakin layi uku na farko, ya ƙirga "an" nawa ne, ya rubuta wa aka fara ji daga bakinsa, wa aka ambaci ƙabilarsa, wa aka sakaya. Sannan ya fassara kanun biyu zuwa Hausa, ya kai wa wani dattijo a Zangon Agege wanda bai ga jaridun ba, ya tambaye shi ko labari ɗaya ne ko biyu.