Cutar Zaizayewar Tsoka ta Duchenne

Cutar Duchenne ciwo ne na gado wanda ke cinye tsokar jiki sannu a hankali. An raɗa mata sunan Guillaume Duchenne, likitan Faransa da ya bayyana ta a shekarun 1860. Galibi 'ya'ya maza take kamawa, kimanin ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000, kuma ta wajen uwa aka fi gadonta, ko da ita uwar lafiya lau take. Tushenta rashin wani sinadari ne mai suna distirofin, wanda ke kare zaruruwan tsoka daga yagewa yayin motsi.

Alamominta kan fito kafin yaro ya cika shekara 5. Yakan yawaita faɗuwa, gudu da hawan matakala su gagare shi. Idan zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa, sannan cinyoyinsa, kamar mai hawa jikinsa. Sharaɓarsa kan yi kauri har a zaci ƙarfi ne, alhali kitse ne ya maye gurbin tsoka. Sau da yawa a nan malami ke kuskure, ya ɗauka ƙyuya ce, har ya kai ga bulala.

Ta bambanta da shan'inna, wadda kan zo kwatsam bayan zazzaɓi. Ita wannan kullum gaba take yi, har ta taɓa zuciya da numfashi. Ba a warkar da ita, amma magani da motsa gaɓoɓi kan jinkirta zama a keken guragu. Saboda haka malamin da ya lura da waɗannan alamomi sai ya gana da iyaye cikin sirri, ya shawarce su a kai yaron asibiti.