Wahalar Sauraro Cikin Hayaniya da Lantarkin Ƙwaƙwalwa

Duk malamin da ya taɓa koyarwa da damina a wata sakandare ta Gwarzo ko Kabo ya san abin da kan faru idan ruwa ya sauko a kan rufin kwano. Sai ya ɗaga murya, ɗalibai su kasa kunne, idan kuma ya tambaye su ko sun ji, su ce sun ji. Kashegari sai ya tarar rabin darasin ya zube. Akan ɗora laifin a kan lalacin yara, amma sau da yawa wannan hukunci bai dace ba.

A 1968 wani masani a Ingila, Patrick Rabbitt, ya sa mutane su saurari jerin lambobi. Idan rabin jerin na biyu ya zo cikin hayaniya, sai su riƙa manta rabin farko, alhali kuwa sun ji shi sarai. Watau ƙarfin da ƙwaƙwalwa za ta yi ajiya da shi ya ƙare wajen tsinto kalmomi.

Shin ana iya ganin wannan wahala? Ana iya ganin alamarta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da ɗan ƙanƙanin lantarki, wanda likitan nan Bajamushe Hans Berger ya fara aunawa a jikin ɗan Adam a 1924. Na'urar ana kiranta EEG, ita ce likitoci ke liƙa wayoyinta a fatar kai don binciken farfaɗiya. Lantarkin yakan kaɗa kamar igiyar ruwa. Mai kaɗawa sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa ɗaya shi ake kira alfa, mai sau 4 zuwa 8 kuwa teta.

A 2012 Jonas Obleser da abokan aikinsa a Jamus, ta amfani da wata na'ura makamanciyar wannan, sun nuna cewa alfa yana ƙaruwa idan aka dusashe sautin magana, haka kuma idan aka ƙara yawan lambobin da za a riƙe. Fassarar da aka fi yi ita ce, ƙwaƙwalwa tana danne sassanta da ba a bukata domin ta tattara hankali wuri ɗaya. Teta ma yakan ƙaru a wajen goshi. Sai dai a wasu gwaje-gwajen alfa raguwa ya yi, saboda haka har yanzu ba a mai da shi ma'aunin asibiti ba.

Ɗalibinmu kuwa nauyinsa biyu ne, domin da Turanci ake karantar da shi, kuma hayaniya ta fi cutar da mai sauraron harshen da ba nasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa kada ƙarar da ke cikin aji ta wuce desibel 35. Ruwa a kan kwano marar silin ya zarce haka nesa ba kusa ba. A irin wannan rana gara malam ya rubuta muhimman kalmomi a allo, ya ba da aikin rubutu, ya jinkirta sabon darasi har ruwa ya ɗauke.