Yadda Ake Kai Yara Hutu Damari a Mota

Dogon hutun makaranta yana zuwa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da masara ta yi goyo a ƙasar Sabuwa. Duk magidancin da zai kai 'ya'yansa su gaida kakanni a Damari, ya fara lissafi daga lokacin isa: la'asar a gida za a yi ta, ba a kan hanya ba.

Mataki na farko, waya. Kwana biyu kafin tafiya ka kira wani dattijo da ke zaune a garin, ka tambaye shi labarin hanya. Shekarun nan hanyar Ɗandume zuwa Damari da Sabuwa ta sha fama da 'yan bindiga, kamar yadda Faskari da Ƙanƙara suka sha, kuma labarin jiya ba ya yi maka amfani yau. Don haka ka sake kira da safiyar ranar. In ya ce, "Ɗana, ku ɗan dakata," to ka dakata, ko da yara za su cika gida da kuka. Ranar tafiya kuma ba ta shela ba ce. Ka hana manyan yaran sa ta a Facebook.

Na biyu, mota ta kwana wajen bakanike. Birki, tayoyi har da safaya, jak, ruwan lagireto, da robar share gilashi, wadda ba a tuna ta sai ruwa ya ɓarke.

Sai guzuri. Mu da muka tashi a zamanin fijo 504, wadda ake haɗawa a Kaduna, mun san yadda iyaye mata ke kwana suya: kaza a kwanon sha an ɗaure shi da ɗankwali, dambun nama, dafaffiyar gyaɗa, ga butar ruwa a ƙarƙashin kujera. A can baya ake jera mu, gwiwa na gugar gwiwa, ana faɗa kan wa zai zauna bakin taga. Wannan faɗan har yau bai mutu ba, saboda haka ka raba shi tun daga gida: wannan zuwa Malumfashi, wancan zuwa Funtuwa. Yaron da mota ke sa wa amai kada a cika masa ciki da maiƙo. A sa shi kusa da taga, a ba shi lemun tsami, uwa ta riƙe leda da tsumma.

Tashi da sassafe, bayan gari ya waye. Daga Kano za ka bi Gwarzo, Dayi, Malumfashi, Bakori, ka faɗa Funtuwa. Mai tahowa daga Kaduna kuwa ta Zariya da Giwa zai shigo. A Funtuwa ake tsayawa ta ƙarshe: a cika tanki, yara su kama ruwa, a ƙarasa sayen tsaraba, goro da sabulu da sukari da turaren Baba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin komawa ma a ware shi gefe guda kada tsaraba ta cinye shi. Daga Funtuwa ba sauran tsaye-tsaye. In ka ga motocin haya sun kama hanyar Ɗandume, bi sahunsu. In ka ga hanya ta yi tsit, babu mai zuwa babu mai dawowa, koma baya ka yi tambaya.

A hanya karɓe wayoyin yaran. Ka riƙa faɗa musu sunan kowane gari, ka nuna musu bambancin dawa da gero a gona, don da yawansu a buhu kawai suka san su.

Ranar komawa ma haka za ka yi: waya, sammako, Funtuwa. Sai dai Inna za ta cika maka but da sabuwar masara da kabewa, ba kuma za ta ji "ya isa" ba. Ka ƙara wa tayoyin baya iska kafin ka hau babban titi.