Ƙidayar dammunan jiki

An shiga kaka a Atantane. An yanke hatsi, an ɗaure, amalanke na ta kai dammuna gida. Mai gida na tsaye bakin rumbu yana ƙidaya. Ba ya kwance dami ko ɗaya. Da ido kawai yake sanin abin da ya samu bana.

A makon nan ne malamin aji biyar ya yi darasi a kan yadda ɗa ke gadon kamannin iyayensa. Da aka tashi, wata ɗaliba ta tsaya.

— Malam, ƙanena shekararsa uku, sai bana ya fara tafiya. Idanunsa sun ɗan karkata sama, harshensa na yawan fitowa. Kakarmu ta ce iskoki suka musanya shi, don inna ta je rijiya da almuru tana da ciki. Inna na kuka da dare.

— Ni ba lokotoro ba ne, ɗiyata, ba ni iya faɗin abin da ke damunsa. Amma akwai wata lalura mai irin waɗannan alamu, kuma an san mafarinta. Gobe za mu yi darasinta.

Ga abin da malam ya karantar washegari.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin awo, mikoroskof. Kowace ƙwaya kamar ƙaramin rumbu take. A cikinta akwai wasu ƙunshe-ƙunshe da ake kira kuromozom. Su ne dammunan jiki. Mutum yana da 46: 23 daga uba, 23 daga uwa. Biyu-biyu suke, an kuma ba su lamba daga 1 zuwa 22. Biyun ƙarshe su ke nuna namiji ne ko mace.

An daɗe ana kuskuren ƙidayarsu. Shekara talatin da wani abu littattafai na cewa 48 ne, har manyan masana sun yarda. Sai a 1956, a ƙasar Suwidin, Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙidaya da kyau, suka samu 46.

Shekara uku bayan haka, a 1959, a birnin Faris, Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin suka duba ƙwayoyin wasu yara masu jinkirin tafiya da magana. Suka samu 47. Ɗaya ya ƙaru. Daga baya aka tabbatar lamba 21 ce ta zo uku maimakon biyu. Shi ya sa ake kiran lalurar tirizomi 21. Gautier ce ta reni ƙwayoyin da aka duba, amma an yi shekaru da yawa ba a cika ambaton sunanta ba.

Kuskuren yakan faru ne lokacin da irin uwa ko irin uba ke haɗuwa a jikinsu, tun ba a ɗauki cikin ba. Wurin rabo, lamba 21 biyu sai su tafi gefe guda. Abin da uwa ta ci, ko inda ta je, ko lokacin da ta fita, babu ruwansu a ciki. Ana haihuwar irin waɗannan yara a kowace ƙasa, wajen jariri 1 cikin 1000. Abin ya fi yawa in uwa ta manyanta, amma mata masu ƙuruciya ma suna haihuwarsu.

Daga ƙidaya zuwa sussuka

Ƙidayar dami tana da iyaka. In an zare zangarniya biyu daga cikin dami, mai gida ba zai gane daga nesa ba. Haka madubin awo yake. Yana ganin kuromozom da ya ƙaru, ko babban yanki da ya ɓata. Ƙaramin yanki kuwa sai ya wuce shi.

Kowane kuromozom dogon zare ne da aka naɗe, sunansa ADN. A kan zaren akwai rubutu da haruffa huɗu kaɗai: A, C, G, T. Wannan rubutu shi ke gaya wa jiki yadda zai ginu. Dukan rubutun shi ake kira jenom. A dammuna 23 na gefe guda akwai haruffa wajen miliyan dubu 3. Da mutum zai karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci, ba cin tuwo, sai ya yi shekara 95 kafin ya gama. Madubi kuwa, in yankin da ya ɓata bai kai haruffa miliyan 5 ba, galibi ba ya ganinsa.

Don haka masana suka nemi hanyar karanta rubutun kansa. An fara babban aikin a 1990, ƙasashe da yawa suka haɗa hannu. A 2000 aka karanta lamba 21, wadda ita ce ƙarama duka. A 2003 aka ce an gama, ko da yake sauran guraben sai a 2022 aka cike su.

Yau ga yadda ake yi. Ana ɗibar jini kaɗan. Ana fitar da ADN daga fararen ƙwayoyin jini, don jajayen ba su da kuromozom. Sai a daddatsa zaren guntu-guntu, kowane guntu haruffa wajen 150. Na'ura ta karanta guntaye miliyoyi. Kwamfuta kuma ta ɗauki kowane guntu, ta gwada shi da rubutun da aka riga aka sani, ta ajiye shi a gurbinsa. Kamar a sussuke dukan rumbu ne, a dubi kowace ƙwaya, a ce daga dami kaza ta fito.

Daga nan sai lissafi. In guntayen lamba 21 sun kai ɗaya da rabi na yadda aka saba, to uku ce. In guntayen wani wuri rabi ne kaɗai, to yanki ya ɓata a gefe guda. Wani lokaci kuma a ga guntu ɗaya, farkonsa na lamba 3, ƙarshensa na lamba 7. Wannan na nuna kuromozom biyu sun karye, sun yi musanyar yanki. Guntun nan ya nuna daidai harafin da aka karye a kansa.

Irin wannan musanya ita ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Dammuna 46 cif, ba abin da ya ragu, amma ga yaro da ciwo. A 2017 masana na ƙasashe da yawa, tare da Michael Talkowski na birnin Bostan a Amurka, suka ba da sakamakon karatun jenom na mutum 273 masu irin wannan musanya da aka haifa da lalura. A kashi 93 cikin 100, karatun ya gyara abin da madubi ya faɗa. A wajen kashi ɗaya cikin uku, an ga karayar ta faɗa tsakiyar wani umarni na jiki, ta raba shi biyu. Kamar a yaga wasiƙa a tsakiyar jimla ne: takarda na nan duka, amma saƙo ya lalace.

Aikin farko ya ci dalar Amurka wajen miliyan dubu 3. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Mayahi ba. Yanzu jenom ɗin mutum ɗaya bai kai dala 1000 ba, wajen rabin miliyan na sefa ke nan. Ya yi sauƙi, amma har yanzu ya fi ƙarfin manomi, kuma ba a yinsa a gidan likita na ƙauye. Karatun ba ya cire dami na 47. Yana faɗin sunan lalura ne, don a san abin da za a lura da shi. Misali, wajen rabin yara masu tirizomi 21 ana haihuwarsu da matsalar zuciya. Da yawa kuma ba su ji sosai. In an kula da su, suna tafiya, suna magana, suna koyon aiki, a hankali.

Da aka tashi, malam ya kira yarinyar.

— Ki gaishe da babanki. Ki ce zan zo bayan la'asar mu yi magana, har da kaka. Ya kamata a kai yaron asibitin Mayahi, lokotoro ya saurari ƙirjinsa.

— To, malam. Inna ma ta zauna?

— Ita ce ta farko.

Tambayoyi

1. Kuromozom nawa ɗa ke samu daga uwarsa?
2. Me aka gano a Faris a 1959?
3. Don me ake amfani da fararen ƙwayoyin jini?
4. Ta yaya kwamfuta ke gane an yi musanyar yanki?

Aiki: A zana sanduna 46 biyu-biyu a kan allo, a sa musu lamba. A ƙara ɗaya inda ya dace don a nuna tirizomi 21.